Gugguru mai zaƙi da gishiri: yaushe ake zuba sukari, yaushe ake zuba alewa?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah ina neman wadda ta iya yin gugguru mai zaƙi da ɗan gishiri, irin wanda ake haɗa shi da alewa, ta taimaka ta faɗa min yadda take yi tun daga ɗora tukunya har zuwa adanawa.

Gugguru zalla ba ya ba ni wahala, na daɗe ina yi wa yara. Mai sukarin ne ya ƙi min. Ga yadda nake yi: ina zuba mai kamar cokali uku a tukunya, in zuba masara rabin kofi da sukari rabin kofi a lokaci guda, in rufe, in ƙure wuta don ya yi saurin fashewa. Kafin rabin masarar ta fashe sai ƙauri ya cika kicin. Idan na buɗe, na sama fari tas, babu zaƙi ko kaɗan, na ƙasa kuwa ya yi baƙi ya manne da gindin tukunya, ga ɗaci kamar me.

Sai maganar alewa. Yarana suna son ƙananan cakulan ɗin nan masu ɓawon sukari kala-kala, irin su M&M's. Da na juye guggurun a roba nake watsa su in juya, don ina so su manne. Kafin in kai falo ɓawon ya tsattsage, kalar ta zuba, cakulan ya narke ya ɓata komai. Gishiri kuma in na barbaɗa, ba ya tsayawa a jiki, sai an cinye a tarar da shi zube a ƙasan roba. Wanda ya kwana kuma da safe ya saki, ya yi laushi, yana kama haƙori.

To ina matsalar take? Masarar ce, ko wutar, ko sukarin ne ya yi yawa? Kuma ina da alewa mai tauri irin ta tsotsa da tofi mai madara a gida, za su yi, ko dole sai cakulan? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Anti Rabi

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, masararki ba ta da laifi tunda zalla yana yi miki kyau. Abu huɗu kike haɗawa, masara da sukari da gishiri da cakulan, kuma kowanne da irin zafin da yake iya ɗauka. Ke kuma kina so su shiga kusan lokaci ɗaya. Nan ne kawai.

Ƙwayar masara ba ta fashewa sai cikinta ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyas. Sukari kuwa tun daga digiri 160 yake fara canza kala zuwa ruwan zuma, in ya haura 190 ya fara ƙonewa da ɗaci. Kin ga tazarar ba ta da yawa, kuma gindin tukunyar da aka ƙure wa wuta ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Idan kin zuba sukari tun mai yana sanyi, zai zauna a ƙasa yana dahuwa duk tsawon lokacin da masara ke jiran ta yi zafi, shi ya sa yake ƙonewa kafin ta gama fashewa. Cakulan shi kuma man da ke cikinsa a wajen digiri 34 yake narkewa, ko zafin jikin mutum bai kai ba. To ya za a yi ya jure guggurun da ya fito daga wuta yanzu?

Ga yadda nake yi, kuma ban canza ba tun da na same shi daidai.

Ki nemi tukunya mai faɗi, mai kaurin gindi, wadda za ki iya ɗagawa da hannu biyu ki girgiza. Siririyar tukunya ita ce babbar mai ƙona sukari. Masara rabin kofi, wato kusan giram 100, mai cokali uku na cin abinci, sukari kuma rubu'in kofi, rabin abin da kike zubawa kenan. Na san za ki ga kamar ya yi kaɗan. Bai yi ba. Sukarin da ya fi haka ba ya samun jikin da zai hau, a ƙasa yake taruwa ya ƙone. Kuma kar ki manta alewa na nan tafe da nata zaƙin. Man girki na yau da kullum za ki sa, kar ki fara da bota, domin tana da ruwa da madara a ciki, madarar tana ƙonewa tun kafin masara ta yi zafi, ruwan kuma ya sa gugguru ya yi laushi.

Kafin ki kunna wuta, ki shirya komai a kusa: babban faranti ko tire a shimfiɗe, gishirinki a hannu, tsumma biyu na riƙe tukunya. Da an fara ba za ki samu sararin neman komai ba.

Ki zuba mai, ki jefa ƙwaya uku kacal, ki rufe, wuta matsakaiciya. Ki tsaya a wurin. Idan ukun nan sun fashe, man ya yi. Ki tsame su, ki zuba sauran masarar, ki juya su sha mai kamar daƙiƙa ashirin, sannan ki barbaɗa sukarin a kai, kar ki jibge shi wuri ɗaya. Ki juya sau ɗaya da cokalin katako, ki rufe. Daga nan aikin hannu ne: ki bar ta a wuta daƙiƙa uku zuwa huɗu, ki ɗaga ki girgiza sosai, ki mayar, ki sake. Kar ki daina har a gama. Girgizar ce ke hana sukari kwanciya a ƙasa, ita ce kuma ke sa na sama ya sauko ya samu rabonsa. Ki ɗan karkata murfin kaɗan ta gefen da ba ya kallon fuskarki don tururi ya fita, domin tururin da ya koma ruwa a jikin murfi yana ɗiga a kan gugguru ya kashe masa ƙarfi.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne lokacin saukewa. Mai sukari ba a jiran sa ya yi shiru kamar zalla. Da kin ji fashewar ta ragu, ana samun kamar daƙiƙa biyu tsakanin wannan da wancan, ki sauke, kuma ki juye a faranti nan take. Kar ki ajiye tukunyar a gefe ki ce bari ya huce a ciki, ƙarfen yana riƙe da zafi kuma zai ci gaba da ƙona na ƙasa. Gara ki rasa ƙwaya ashirin da ba su fashe ba da ki ɓata tukunya guda.

Yanzu gishiri. Dalili biyu ke sa naki zubewa: ƙwayoyinsa sun yi girma, kuma kina zubawa bayan guggurun ya bushe. Ki daka shi a turmi ko ki niƙa a bilenda har ya zama gari lukui. Rabin ƙaramin cokali ya isa wannan awon. Ki barbaɗa daga sama-sama a cikin minti ɗaya na farko bayan juyewa, lokacin da sukarin ke da danƙo yana sheƙi. A nan yake kamawa, in sukarin ya daskare ya daskare da shi. Ki juya da cokali biyu kina warware curin da suka manne, kar ki sa hannu tukuna, sukari mai zafi ba abin wasa ba ne.

Ni a ganina gishirin nan shi ne ran abin. Yana danne ɗan ɗacin da sukari ke yi in ya ji wuta, yana kuma fito da zaƙin, har ki ji kamar kin sa fiye da abin da kika sa. In babu shi, loma uku mutum ya gundura.

Cakulan kuwa sai ya huce sarai. Ba ɗumi-ɗumi ba, sarai. Ki sa bayan hannunki a tsakiyar tarin, in kin ji ko alamar ɗumi ki ƙara jira. Minti goma sha biyar a baje yakan isa. Kafin ki zuba, ki tsince ƙwayoyin da ba su fashe ba, don in suka ɓuya a cikin curi suna iya fasa haƙori.

Malam Auwal

Sannu da ƙoƙari Anti, bayani ya yi kyau. Ina karantar da ilimin sinadarai ne, kuma ni ke yi wa iyalina wannan abin a gida, don haka bari in ƙara kaɗan, musamman kan tambayar Maman Ilham ta alewa mai tauri da tofi.

Da farko dai ita ƙwayar. Masarar gugguru iri ce ta daban, ɓawonta ya fi na sauran masara ƙarfi kuma ba ya barin tururi ya fita. A cikinta akwai sitaci da ɗan ruwa, kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan ta ji wuta ruwan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, matsin ya taru har ya kai kusan ninki tara na matsin iskar da muke ciki, sitacin ya yi laushi. Da ɓawon ya fashe sai sitacin ya kumbura ya bushe a take. Shi ya sa rabin kofi ke ba ki sama da lita uku. Amfanin sanin wannan a kicin shi ne, idan masara ta daɗe a buɗe ta bushe, ba za ta fashe da kyau ba, kuma a tukunya mai sukari duk jinkirin fashewa ƙonewa ne. A ajiye ta a kwalba mai murfi, ban da firij, domin firij busar da ita yake yi. Wadda ta riga ta bushe, a zuba mata ruwa ƙaramin cokali ɗaya a kan kofi ɗaya, a rufe kwalbar a girgiza, a bar ta kwana biyu ko uku, takan dawo.

Akwai kuma bambancin siffa. Wata in ta fashe tana yin fukafukai barkatai, wata kuma tana fitowa a dunƙule kamar ƙwallo. Masu yin na karamel (wato narkakken sukarin da aka dafa har ya yi ruwan zuma) don sayarwa sun fi son dunƙulalliyar, saboda ba ta karyewa wurin juyawa. Mai fukafukan ta fi taushi a baki kuma ta fi riƙe gishiri. In kin samu zaɓi, ki duba jikin ledar, sau da yawa suna rubutawa.

Ni hanyata ta bambanta da ta Anti. Ba na haɗa sukari da masara a tukunya ɗaya. Ina fasa guggurun zalla, in tsince marasa fashewa, sannan in dafa karamel daban: sukari mai ruwan ƙasa kofi ɗaya, bota rabin kofi, ruwan gulukos (mai kaurin nan kamar zuma) rubu'in kofi, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ina juyawa har botar ta narke ya fara tafasa, daga nan in cire cokali in bar shi ya tafasa minti huɗu zuwa biyar ba tare da na taɓa ba. Juyawa a wannan lokacin na sa sukari ya koma ƙwaya-ƙwaya kamar yashi. Aikin gulukos kenan, hana shi komawa. In babu, zuma na yi, sai dai tana saurin yin duhu, a rage wuta. 'Yan ɗigon lemon tsami ma suna taimakawa.

Da na sauke sai in zuba bekin soda rubu'in ƙaramin cokali. Nan take zai yi kumfa ya taso ya yi haske, don haka tukunyar ta zama mai zurfi. Sodar tana haɗuwa da ɗan tsamin da ke cikin sukarin ta saki iska, ƙananan kumfa su cika karamel ɗin. Shi ya sa yake yaɗuwa da sauƙi, kuma in ya bushe yana ƙaras-ƙaras maimakon ya yi taurin da zai wahalar da haƙori. In kwarara a kan gugguru in juya, in baje a tire, in sa a obin mai digiri 120 na minti 45, ina fitarwa in juya duk bayan minti 15. Obin ɗin yana ƙarasa busar da ruwan da ya rage, kuma yana gyara inda karamel bai kai ba.

Alewar tsotsa, Maman Ilham, sukari ce da aka riga aka dafa har wajen digiri 150, kusan duk ruwanta ya fita. Kar ki jefa ta cikin mai da masara, ƙonewa za ta yi, kalar da ƙamshin su lalace. Ki sa ta a leda mai kauri, ki naɗe da tsumma, ki farfasa ta ƙanana, ki barbaɗa tare da gishiri lokacin da guggurun ke da danƙo. Za ta manne ta ba ki kala da ƙamshi. Ki farfasa sosai dai, manyan gutsattsari suna da kaifi. Tofi mai madara kuwa ana narkar da shi a ƙaramar wuta da madara cokali ɗaya ko biyu, a yaryaɗa a kai. Yana da daɗi, amma ba ya bushewa ƙarau, na ci a ranar ne. Alewa mai taushi irin mai talewa a baki ba ta son zafi ko kaɗan, ita sai dai a zuba bayan komai ya huce.

Abin ya daɗe, ba na yau ba ne. An tono ragowar masarar da aka fasa a gaɓar tekun ƙasar Peru mai shekaru fiye da 6,000. Na sukari da ake sayarwa a kwali kuwa, Cracker Jack na birnin Chicago a Amurka ya samu sunansa tun 1896.

Ummu Sudais

Maman Ilham, ban ga kin faɗi shekarun yaran ba, shi ya sa na ce sai na sa baki. Ma'aikaciyar jinya ce ni. Don Allah duk yaron da bai kai shekara 4 ba kar a ba shi gugguru, ko zalla ko mai zaƙi. Likitocin yara suna lissafa shi cikin abincin da ya fi shaƙe ƙananan yara, shi da alewa mai tauri, kuma ga shi nan ana shirin haɗa su wuri ɗaya. Yaro ƙarami ba shi da turamen haƙoran da za su niƙa shi da kyau, ga shi marar nauyi, numfashi ɗaya zai iya jan gutsure ya wuce hanyar iska. Manyan ma su zauna su ci, ban da gudu ko tsalle da shi a baki. In akwai mai rarrafe a gidan, a share ƙasa bayan an gama, su ne ke tsintar ƙwayar da ba ta fashe ba.

Na biyu, ƙunar sukari. Ruwan zafi iyakarsa digiri 100 kuma yana gangarewa, narkakken sukari ya wuce 150 kuma mannewa yake a fata yana ci gaba da ci. Yara su fita daga kicin lokacin girgiza da juyewa. In tsautsayi ya faru, a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Kar a sa ƙanƙara, kar a shafa mai ko man goge baki, kar kuma a fizge sukarin da ƙarfi, ruwan zai narkar da shi. In wurin ya yi faɗi, ko a fuska ne ko hannun yaro, a tafi asibiti.

Ni ina goyon bayan awon Anti Rabi saboda ƙarancin sukarinsa. Rubu'in kofi kusan giram 50 ne, a raba wa mutum biyar ko shida. Na Malam ya ninka haka sau huɗu, ga bota, ga alewa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa a abinci kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini, wanda ga babba yake kamawa wajen giram 50, na yaro bai kai haka ba. Ba cewa nake kar a ci ba, a dai zuba wa kowa a ƙaramin kofinsa maimakon a ajiye babbar roba a tsakiya. Kuma a goge baki kafin barci, domin karamel yana maƙalewa a tsakanin haƙora.

Maman Ilham

Kai, na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Ummu Sudais, ƙaramar tawa shekararta uku, kuma ina ba ta, daga yau na daina. Ita zan yanka mata ayaba in sun zauna ci.

Anti, na bi naki da yammar nan. Da ƙwaya ukun suka fashe na zuba sauran, na barbaɗa sukari, sai na ga ya jiƙe da mai ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, can kuma ya narke ya lulluɓe ƙwayoyin suna ƙyalli. Hannuna ya gaji da girgiza amma ban tsaya ba. Da na juye, kowanne da ɗan siririn ɓawo mai ruwan zuma a gefe ɗaya, yana ƙara ƙas-ƙas a faranti yayin da yake hucewa. Babu ɗaci, gindin tukunyar ma ɗan ja kawai ya yi. Gishirin ya zauna.

Saura abu ɗaya. Na jira ya huce kafin in zuba cakulan, bai narke ba, amma duk ya gangara ƙasan roba saboda ya fi nauyi, yaran suna ta tono. Akwai dabarar da zai manne? Kuma ba ni da obin, ko zan iya yin irin na Malam Auwal haka nan?

Anti Rabi

Madalla ƙanwata, haka ake so. Hannun zai saba.

Dabarar mannewa cakulan ne da kansa. Ki samu cakulan na sanda kamar giram 100, fari ko mai madara, ki kakkarya a kwano busasshe. Ki tafasa ruwa kaɗan a tukunya, ki kashe wuta, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, kina juyawa har ya narke. Ki kula ƙwarai, ko ɗigo ɗaya na ruwa ya faɗa ciki zai cure ya zama dunƙule mai gari-gari, ba zai yaryaɗu ba. Cokalin ma ya zama busasshe. In ya yi kauri ki sa ƙaramin cokali ɗaya na man girki.

Ki baje guggurun da ya huce a tire, shimfiɗa ɗaya, kar ki tara shi. Ki ɗebo narkakken cakulan da cokali ki yaryaɗa siriri-siriri kina kai da komowa, ba sai ya rufe ko'ina ba. Tun yana jiƙe ki watsa ƙananan alewar a kai, ki ɗan danna su da bayan cokali. Zafinsa a lokacin bai kai ya fasa musu ɓawo ba. Ki ƙara ɗan gishiri kaɗan a kan cakulan ɗin, wannan karon mai ɗan ƙwaya ya fi, domin yana da wurin kamawa kuma harshe yana cin karo da shi. Ki bar shi ya daskare. In ɗakin da zafi ki sa a firij minti goma kawai ki fitar, in ya daɗe zai yi raɓa. Sai ki ɓalla shi curi-curi, kowane curi da alewarsa a jiki.

Na Malam kuma ana yi ba obin, sai dai ki dafa karamel ɗin ya wuce inda shi yake tsayawa, tunda babu abin da zai ƙarasa busar da shi. Ki ajiye kofin ruwan sanyi a kusa. Bayan minti biyar na tafasa ki ɗiga kaɗan a ciki, ki ciro ki gwada. In ya dunƙule yana lanƙwasuwa, da saura. In ya karye ƙas, ya yi, wajen digiri 150 kenan. Ki sauke, ki sa sodar, ki kwarara ki juya da sauri da cokalin da kika shafa wa mai, don a minti ɗaya yake fara kamewa. Malam ya yi haƙuri, ni dai in za a sa cakulan da alewa, ban ga amfanin karamel mai kauri ba, zaƙi kan zaƙi ne, ɗanɗanon masarar ma ɓacewa yake. Karamel ya fi daɗi shi kaɗai da gishirinsa.

Maganar kwana da kika yi tun farko, sukari yana jan laima daga iska, shi ya sa yake saki. Da ya huce sarai ki zuba a kwalba ko mazubi mai murfin da ke kamawa gam, kar ki rufe da sauran ɗumi, tururin zai jiƙa shi. A haka yana kwana uku zuwa huɗu da ƙarfinsa. Ranar da ake ruwan sama ki yi daidai wanda za a cinye. Wanda ya riga ya saki, in babu cakulan a jiki, ki zuba a busasshen kasko a ƙaramar wuta kina juyawa minti biyu zuwa uku, ki baje ya huce, zai farfaɗo.

Tukunyar kuma kar ki kankare ta da wuƙa ko soson ƙarfe. Ki zuba ruwa ya rufe inda sukarin ya kama, ki mayar wuta ya tafasa minti biyar da cokalin a ciki, zai narke ya fita da kansa.